Game da taya zanen da aka gani a baje kolin gidan tarihi

Hajiya, kin tambaya ko ya dace ki taya zanen hawan sallah da kika gani a baje kolin gidan tarihi a nan Bauchi, alhali an riga an rubuta kuɗinsa a gefe. Sana'ata haɗa firam ce, kuma na sha tsayawa a wajen irin wannan ciniki.

Ki fara tabbatar da ko zanen mallakar wane ne. Kayan da gidan tarihi ke adanawa ba na sayarwa ba ne, kuma dokar 1979 da ta kafa hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa ta hana cinikin kayan tarihi, ciki har da aikin hannu na gida da aka yi kafin 1918, sai ta hannun wanda hukumar ta amince da shi. Idan kuwa sabon aiki ne da wani mai zane ya kawo, to da shi za ki daidaita, ko da wakilinsa.

Tayi halal ne, amma ina roƙonki kada ki raba kuɗin biyu kamar a kasuwar Wunti. Sau da yawa masu shirya baje koli suna da la'adarsu a ciki, wadda a wasu wuraren takan kai rabi, sannan ga kuɗin fenti da kanbas da firam, ga makonnin da mutum ya yi yana aiki. Na ga masu zane da suka ce albarka suka juya baya saboda tayin ya ƙona musu rai, ko da yake suna cikin buƙata. Abin da na ga yana tafiya shi ne neman ragin kashi 10 cikin 100, ko a cire kuɗin firam, ko a yarda ki biya kashi-kashi. Kwanakin ƙarshe na baje koli sun fi sauƙin sallamawa, sai dai wani na iya riga ki.

Idan an sallama, ki ba da kafin alƙalami, a manna wa zanen alamar an sayar, domin yawanci ba a sauke shi sai an rufe baje kolin. Ki karɓi rasit da takarda mai sa hannun mai zanen, ɗauke da sunan aikin da girmansa da shekarar da aka yi shi. Sayen zanen bai ba ki haƙƙin buga hotonsa a kalanda ko riga ba. Idan kina da wannan niyya, a rubuta izinin a takardar tun kafin ki cika kuɗin.