Zuwa ga ɗiyata, kan zuwan babanki neman gafara

Ɗiyata na ga saƙonki, wai ranki ya ɓaci da kika ji babanki ya ɗauki goro ya tafi gidan Baba ƙarami neman gafara alhali shi aka cuta, kina tambaya wace irin al'ada ce wanga. To ki natsu ki ji gwaggonki.

Ku a Yamai rabin labarin kuka sani. Gonar nan da suka saɓa a kanta an saida ta a yunwar 1984, wadda muke ce ma El Buhari don lokacin Buhari na mulki Najeriya ta rufe iyaka, hatsi ya yi wuya, mu nan Tawa anza muke jiƙawa kwana da kwanaki muna zubda ruwan ɗacin kafin yara su iya ci. Babanki yana Abijan wurin bida, ba waya ba komai sai wasiƙa, ƙanensa Baba ƙarami na gida da tsohuwa da yara suna kuka, ya saida gona ya sayi hatsi. Bai yi daidai ba da ya ɓoye har babanki ya dawo ya iske wani na noma ta, amma fa hatsin nan har cikin yayyenki ya shiga.

Haka muka iske magabata suna yi. In mutum ya manyanta, ko zai tafi Makka, ko ciwo ya taɓa shi, sai ya bi waɗanda suka taɓa saɓawa gida gida, ba a tsayawa lissafin wa ya fara. A je bayan la'asar da dattijo guda, a tuɓe takalmi, a ce abin da na yi maka, wanda na sani da wanda ban sani ba, ka yafe mini. Shi kuma ya ce ba ka yi mini komai ba, Allah shi yafe mana baki ɗaya, a shafa fatiha a fasa goro. Malamai kullum suna faɗa, hakkin mutum sai mai shi ya yafe, kuma gaba tsakanin Musulmi ba ta wuce kwana 3, wanda ya fara sallama shi ya fi. Su kuwa shekara 40 fa, ɗiyata.

Wallahi da babanki ya ce shi ma ya tafi ya bar ma ƙanensa nauyin gida shi kaɗai, Baba ƙarami kasa magana ya yi sai hawaye. Yanzu tabarma guda suke shan shayi. In kin zo sallah ki fara da gidansa, ki riƙo mashi sukari, kuma don Allah kar ki tada zancen gona.