Yadda ake gane iyakar tsohuwar gona a hoton da aka ɗauka daga sama

Malam, ka tambaya ko layukan da ka gani a hoton wata gonar alkama ta Ingila, wanda aka ɗauka daga jirgin sama, iyakokin tsofaffin gonaki ne. Yana iya yiwuwa, domin shuka tana tona asirin abin da ke ƙarƙashinta. Inda aka taɓa haƙa rami don shata iyaka, daga baya ya cike da ƙasa mai laushi, danshi yana daɗewa a wurin, sai alkama ko sha'ir ya fi tsawo, ya kuma tsaya kore bayan sauran gonar ta fara bushewa. Inda kuwa katangar dutse ke binne, saiwa ba ta samun zurfi, shukar sai ta tsumbure ta yi rawaya da wuri. Shi ya sa alamun suka fi fitowa a shekarar fari, kamar 1976 da 2018 a Birtaniya.

Sai dai ina roƙonka kada ka yi gaggawar yanke hukunci. Bututun magudanar ruwa na zamani yana barin layuka miƙaƙƙu masu tazara ɗaya, tsagewar ƙasa ta zamanin ƙanƙara (lokacin da tsananin sanyi ya daskarar da ƙasa, dubban shekaru da suka wuce) kuma tana yin zane mai kama da raga. Ka kwatanta hoton da taswirorin ƙarni na 19. Idan layin yana ciki, to shinge ne da aka tuge ba da jimawa ba. Shekarunsa kuwa, haƙa ne yake tabbatar da su.