Amsar tambayarka kan ubangidan kamfani a Japan

Ɗana, saƙonka ya iso tun shekaranjiya, ban so in ba ka amsa a tsaitsaye ba. Ka ce malaminku ya gaya muku a Japan kamfani kan riƙe banki guda tamkar ubangida, kai kuma kana ganin ƙangi ne kawai, me zai hana mutum ya nemi kuɗi inda ya fi araha.

Al'adar gaskiya ce. Wannan bankin shi ke ba da kaso mafi tsoka na rance, yakan sayi hannun jari a kamfanin, yana duba littattafan lissafi, wani lokaci har ya tura mutuminsa ya zauna cikin shugabanni. Akwai takura, ban musa ba. Amma ranar da ruwa ya ƙare wa ɗan kada, shi ke tara sauran masu bin bashi ya ce a ɗaga ƙafa.

Bari in ba ka labarin Yaohan, wani kamfanin kantunan sayayya na Japan, domin ya daɗe yana taɓa min zuciya. A 1930 wasu miji da mata, iyalin Wada, suka buɗe ɗan shagon kayan miya a garin Atami, jihar Shizuwoka. Ɗansu Kazuo Wada ya gaji sana'ar. A gida manyan kamfanonin kantuna irin su Daiei da Ito-Yokado sun tsare hanya, sai ya ce zai nemi girma a waje. A 1971 ya buɗe kanti a Sao Paulo ta Burazil, wanda bai yi albarka ba. Singafo ce ta karɓe shi a 1974, Hong Kong kuma a 1984. Ya kuma shiga Amurka da Landan.

Ƙarfin halinsa abin a yaba ne. A 1990, lokacin da masu kuɗi ke ɗari-ɗari da Sin bayan murƙushe masu zanga-zanga a dandalin Tiyananmen na Beijing a 1989, shi ya kwashe hedikwatarsa ya koma Hong Kong. A Disambar 1995 ya buɗe makeken kanti a Pudong ta Shanghai, ranar farko mutum sama da miliyan ɗaya suka shiga. Yana cewa zai kafa kantuna dubu a Sin.

To ina kuɗin ke fitowa? Nan ne tambayarka take. Wada ya ga bankuna na yi masa katsalandan, sai ya koma sayar da takardun bashi a kasuwar hannun jari, irin waɗanda mai su ke iya mayarwa hannun jari in farashi ya tashi. Kuɗi mai sauƙi, babu mai tambayarsa ina za ka. Ya ja baya da bankunansa. Sai kasuwar Japan ta faɗi, farashin hannun jarin Yaohan ya zube, babu wanda ya so hannun jari, kowa kuɗinsa yake jira ranar wa'adi. Kantunan gida, waɗanda su ne uwar jarin, an bar su baya ana ta gine-gine a ƙetare.

A 1997 ya sayar wa Daiei kantuna 16 mafiya ciniki don ya sami na biya. Dillalai suka fara ƙin kawo kaya sai da kuɗi hannu, kantoci suka soma yin fayau. Ka yi tunanin matar da ta saba sayen kifinta a nan shekara ashirin, ta shiga ta tarar da wurin wayam. Ya waiwayi bankuna, babu wanda ya ga wajibinsa ne ya tsaya masa. Ranar 18 ga Satumba 1997 Yaohan ta Japan ta kai kanta kotu da bashin yen biliyan 160 da 'yan kai. Kafin shekarar ta fita kantunan Hong Kong sun rufe, ma'aikata suka wayi gari ba aiki, kuma su ne na fi tausayawa.

Wani babban kamfanin kantuna, Jusco, wanda yanzu ake kira Aeon, ya ɗauki abin da ya rage a Shizuwoka. Kantin Shanghai yana nan da sunan, amma ba na iyalin Wada ba ne. Kazuo Wada kansa ya rasa dukiyarsa, ya ƙarasa rayuwa yana ba matasan 'yan kasuwa shawara, ya rasu a 2019.

Ka kai wa malaminku wannan, ka ji me zai ce. Ka gaida mahaifiyarka da ƙannenka.