Anti, in na zazzage fushina zai wuce?

Tambaya: Salam Anti, ni matsalata saurin fushi, jiya ma ƙanin mijina ya ɓata min rai na shige kicin ina ta buga tukwane ina masifa, ƙawata ta ce gara haka wai in ban fitar ba hawan jini zai kama ni. Da gaske ne? Daga Jekadafari, Gombe.

Amsa: Wa'alaikumussalam ƙanwata, gaskiya ƙawarki ba ta faɗi daidai ba. A 2002 wani masani a Amurka, Brad Bushman, ya sa mutane dukan buhun dambe suna tuna wanda ya ɓata musu rai, sai fushinsu ya ƙaru, waɗanda suka zauna shiru ma sun fi su hucewa. Ai fushi dama yana sa zuciya bugawa da sauri, ihu da buge-buge kuma ƙara mata wuta suke yi. Annabi (SAW) ya ce mai fushi in yana tsaye ya zauna, in bai huce ba ya kwanta. Ki yi alwala, ki ja numfashi a hankali, amma fa ban ce ki haɗiye ba, in kin huce ki samu maigida ki faɗa masa abin da ƙaninsa ya yi. In ya kai kina huce haushi a kan yara, don Allah ki ga likita.