Hukuncin wanda ya ɓata motar maƙwabcinsa da gangan

Tambaya: Malam, ina zaune a Shara Mansur a Makka. Ɗana mai shekara 19 ya yi sa-in-sa da maƙwabcinmu kan wurin ajiye mota, sai ya karce masa ƙofar mota da makulli, ya kuma fasa madubin gefe. Mai gyara ya ce riyal 900 zai isa, amma maƙwabcin ya ce ko mu ba shi riyal 5,000, ko ya kai ƙara wurin 'yan sanda, ko kuma ya yi wa motata irin abin da aka yi wa tasa. Mene ne ya wajaba a kanmu?

Amsa: Bismillahir Rahmanir Rahim. Abin da ɗanka ya aikata haramun ne, kuma ƙanƙantar ɓarnar ba ta halatta shi, domin Annabi (SAW) ya bayyana a Hajjin Bankwana cewa dukiyar Musulmi haramun ce ga ɗan'uwansa kamar jininsa. Sai dai ba sata ba ce, don haka babu haddi a ciki. Haƙƙi biyu ne suka hau kansa: biyan mai dukiya, da horon da hukuma ke da ikon yi.

Biya dai bashi ne wanda istigfari kaɗai ba ya sauke shi. Bukhari ya ruwaito daga Anas cewa ɗaya daga cikin matan Annabi (SAW) ta fasa akushin abincin da kishiyarta ta aiko, sai ya riƙe fasasshen a ɗakin wadda ta fasa, ya aika da lafiyayye ga mai shi. Malaman Malikiyya sun bambanta ɓarna mai yawa, wadda ta kawar da amfanin abu, inda mai shi ke da zaɓin karɓar ƙimarsa gaba ɗaya, da ɓarna kaɗan, inda ake gyarawa sannan a biya abin da ya ragu na daraja. Karce da madubi suna cikin kashi na biyu. Saboda haka a tambayi masu gyara biyu amintattu kuɗin aiki, sannan a tambayi dillalan mota ko sabon fenti ya rage mata farashi, domin sau da yawa yakan rage, kuma wannan ragin haƙƙin maƙwabcinka ne ko da mai gyara bai lissafa shi ba. Biyan yana kan ɗanka tunda baligi ne. Idan ka biya masa, ka kyauta.

Abin da ya haura wannan, idan da barazana aka karɓe shi, ina ganin cin dukiya ne ba bisa haƙƙi ba, wanda aya ta 29 ta Suratun Nisa'i ta hana. Ramuwa a kan motarka kuwa ba ta halatta ko kaɗan, domin ba kai ka yi laifin ba, kuma ba a gusar da cuta da cuta.

Amma kai ƙara haƙƙinsa ne, kada ka raina shi. A Saudiyya alƙali yana yin ta'aziri, wato horon da yake yankewa bisa ganinsa, gwargwadon ganganci da halin mai laifi. A jerin manyan laifuffukan da mai gabatar da ƙara na ƙasa ya fitar a 2020, lalata dukiya da gangan yana wajabta tsarewa idan ƙimar ɓarnar ta wuce riyal 20,000, sai fa in an biya ko mai haƙƙi ya yafe. Taku ba ta kai nan ba, amma hakan bai hana bincike da hukunci ba, kuma baƙo mai iƙama, wato takardar izinin zama, ya fi kowa bukatar guje wa irin wannan shari'a.

Ka ɗauki ɗanka da limamin masallacinku ku je gidan mutumin, yaron ya nemi gafara da bakinsa, ku biya abin da masana suka ƙiyasta, a rubuta takardar janye haƙƙi a gaban shaidu biyu. Idan ya ƙi, dandalin sulhu na Taradhi na Ma'aikatar Shari'a yana bayar da takardar sulhu mai ƙarfin zartarwa. Allah ne Mafi sani.