Amsa ga mai tambaya kan Eyadema na Togo

Ƙanena, ka tambayi yadda aka yi Eyadema ya shekara 38 yana mulkin Togo alhali a maƙwabta sojoji na ta kifar da juna. Na ga wasu sun ce maka asiri ne. Ni a zangon Lome na tashi, fataucin goro ne ya kai mahaifinmu can, don haka bari in faɗi abin da idona ya gani.

Zancen asirin yana da tushe. Ranar 24 ga Janairu 1974 jirginsa ya faɗi a Sarakawa, kusa da Kara, wasu suka mutu, shi ya fito da ransa. Ya ɗora laifin kan Turawan da ke haƙar fosfat, ya ƙwace kamfanin ya mayar da shi na gwamnati, ya yar da sunansa Etienne ya koma Gnassingbe. Ranar da ya dawo Lome, 2 ga Fabrairu, ita aka raɗa wa babban otal ɗin garin daga baya. Lokacin ina makarantar allo, har rantsuwa muke yi cewa harsashi ba ya cin sa.

Amma ni a ganina layarsa ta gaskiya tana bariki. Ya san ƙofar da ake shigowa, don da shi aka fara juyin mulki a ƙasar. Ranar 13 ga Janairu 1963, sojojin da suka gama yi wa Faransa aiki, waɗanda Shugaba Olympio ya ƙi ɗauka cikin rundunar ƙasar, suka harbe shi a bakin ofishin jakadancin Amurka. Eyadema saje ne a cikinsu. Bayan shekara huɗu cif, a wannan ranar dai, ya ture Shugaba Grunitzky da aka ɗora bayan Olympio. Wanda ya hau ta haka ba ya yarda da baƙon ido kusa da bindiga. Sai ya cika soja da 'yan ƙabilarsa Kabiye, manyan kuma da yawa daga yankin garinsu Pya. Duk watan Yuli yakan tare a arewa wajen kokawar Evala, shi ma tsohon ɗan kokawa ne. Wa zai yi wa wa juyin mulki, kowa ɗan ɗakin wani ne?

Sauran jama'a kuwa rawa aka ba su. Jam'iyya ɗaya ce, RPT, tun 1969. In baƙo zai sauka sai ka ga mata da 'yan makaranta sun jeru bakin titi cikin atamfa mai hotonsa, ana waƙa ana tafi a rana. A shagonmu mahaifina ya kafa doka, ba a kiran sunansa, sai dai a ce “mutumin”. In zai ji labarai a rediyon waje, cikin ɗaka yake shiga ya kara ta a kunne. A 1977 aka tashi zangonmu daga tsakiyar gari aka watsa mu can baya ta hanyar arewa. Na ga dattawa masu rawani suna ɗora tabarmi da tukwane a mota, ba wanda ya ɗaga murya. Mahaifiyata ƙyauren ɗakinta ta sa aka ciro, ta ce ba za ta bar musu ba.

A waje ma yana da gata. Shi da Janar Gowon suka yi ta yawo har aka kafa ECOWAS a 1975, kuma da aka kai masa hari a 1986 Faransa ta turo sojoji.

Inda ya kusa tafiya shi ne 1991. Bayan an tsamo gawawwaki daga tafkin Be da ke cikin Lome a watan Afrilu, aka yi taron ƙasa aka rage masa iko, aka naɗa Koffigoh firaminista. Mu duk mun ɗauka ta ƙare. Ashe taron ya karɓe takarda ne ya bar masa bindiga. A Disamba sojoji suka far wa ofishin Koffigoh da tankokin yaƙi. Aka shiga yajin aiki na watanni daga ƙarshen 1992, aka harbe masu zanga-zanga a Janairun 1993, dubban mutane suka tsallaka Gana da Benin. Ni ma a wannan guguwar na rufe shago na kwaso iyali.

Za ka ji wasu 'yan kasuwarmu na yabonsa, wai a zamaninsa tashar jirgin ruwa na aiki, kana kwana da kuɗinka lafiya. Ban ƙaryata su ba, ni ma na ci arziƙin Lome. Sai dai shirun da suke kira zaman lafiya, na san da me aka saye shi.

A 2002 aka goge iyakar wa'adi daga tsarin mulki. Ya rasu ranar 5 ga Fabrairu 2005 a hanyar fita neman magani, kafin gari ya waye sojojin nan nasa sun ɗora ɗansa Faure a kujerar.