Ƙanwata mai tambayar ko a haramta kirifto, ga abin da na gani

Wa'alaikumus salam, ƙanwata. Na karanta abin da kika rubuto, cewa uwar adashinku ta zuba kuɗin mutane a kirifto, wato kuɗin nan na intanet irin su Bitcoin, sun narke, har da kwasarki da kika daɗe kina jira, kuma kina tambaya me ya hana gwamnatoci su haramta abin nan kowa ya huta. Allah Ya mayar miki da mafi alheri. Ku kuma masu ce mata kwaɗayi ne ya ja mata, ku ji tsoron Allah. Yarinyar nan ko kalar kirifton ba ta sani ba, adashi ta shiga kamar yadda dukkanmu muke shiga.

Ni ma an ci nawa, kuma da bakina na sha cewa a haramta shi, a ɗaure duk mai yin sa. Yanzu na daina faɗar haka.

Wanda ya cuce ni ɗan garinmu ne. Ba zan kama sunansa ba, masu zama wajen Shara Mansur a nan Makka da yawa sun san wanda nake nufi. Shekaru shi yake tura mana kuɗi gida. Ki miƙa masa riyal a nan, kafin ki ɗaura niƙabinki ki fito titi an kira ki daga Kano an ce kuɗi sun shiga. Canjinsa ya fi na kowa. Anti yake ce min, in na yi waina sai na aika masa da tasa a kula. Da naira ta fara zubewa bayan Tinubu ya sake ta a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 a farashin gwamnati, kafin shekara ta ƙare ta haura 1,000 a kasuwar bayan fage, sai ya ce min: "Anti, ki daina tura kuɗin kayan ɗakin nan suna zama a asusu suna lalacewa. Ki bar su a wurina a USDT, kirifto ce amma kamar dala ce, ba ta motsi, kuma duk wata akwai ɗan abin da zai hau kai." Maganar naira gaskiya ya faɗa, kowa ya ga yadda kuɗin mutane suka koma. Duk ƙarshen wata sai ya turo min hoton allon wayarsa, lambobi kore shar, ga jimilla a ƙasa. Ina nuna wa ƙawayena ina murna.

An sa ranar auren 'yata. Kafinta ya gama gado da kujeru yana jiran cikon kuɗinsa. Na aika wa mutumin nan saƙo da safe, na ga alama ɗaya a WhatsApp. Na ce ko caji ne. La'asar ta yi, alama ɗaya. Bayan isha na ɗauki abayata na tafi ɗakin da yake zama a bayan bagala, wato kantin unguwa, na tarar da kwaɗo a ƙofa da wasu mata uku zaune a dakali. Ɗaya tsohuwa ce mai sayar da goro da man zafi, tana riƙe da wani ɗan littafi da ya rubuta mata lissafinta da jan biro, tana ta buɗe shi tana rufewa. Ba mu gaisa ba, kowa ta gane abin da ya kawo 'yar'uwarta. A daren nan 'yata ta kira tana tambaya wace kalar labule za a saya, na ce mata ruwan zuma, na kashe wayar na shiga banɗaki na kunna famfo don kada 'yan ɗakinmu su ji kukana. Kuɗin nan na tsayuwa gaban kasko ne a zafin Makka, na gudun baladiyya, ma'aikatan hukumar gari, da tire a ka. Har yau in na ga mutum da irin hularsa sai gabana ya faɗi. An ce yana can ya gina gida har ya ƙara aure. Mahaifiyarsa kuma da aka je mata cewa ta yi ɗanta ba ɓarawo ba ne, kasuwa ce ta faɗi. Wace kasuwa? USDT da ya ce ba ta motsi? Ban yafe ba, kuma kada wanda ya zo min da wa'azin yafiya a nan.

To ki lura da lokacin da wannan ya faru. Tun watan Fabrairun 2021 Babban Bankin Najeriya ya hana bankuna taɓa duk wata hulɗar kirifto, ya ce a rufe asusun masu yi, kuma bai janye ba sai Disambar 2023. A nan Saudiyya ma tun 2018 wani kwamitin gwamnati da babban bankinsu ke ciki ya yi gargaɗi cewa ba a amince da waɗannan kuɗaɗe ba, kuma babu wanda aka ba lasisin yin su. Wato an cuce ni ne a tsakanin ƙasashe biyu da duk suka juya wa abin baya. Hanin bai hana shi karɓar riyal ɗina ba. Ni ya hana magana. Ƙanena da na ce ya kai ƙara a gida, tsoro ya kama shi kada a ji kalmar kirifto a rufe masa asusun da yake karɓar albashi. Da ya daure ya je, wanda ya tarar ya ce masa ai gwamnati ta hana, ku kuka kai kanku. Alhali bankuna aka hana, ba a ce wanda aka sace wa kuɗi ya rasa hakkinsa ba. A nan kuwa kun san yadda zuwa wurin shurɗa, wato 'yan sanda, yake ga wadda takardunta ba su cika ba, ta je neman kuɗinta ta ƙare a Shumaisi, inda ake tsare waɗanda za a mayar ƙasarsu. An bar jaki ana dukan taiki.

Abin da hanin 2021 ya yi shi ne ya kora kowa zuwa cinikin hannu da hannu, wanda suke kira P2P, inda babu rasit, babu ofis, sai amana. China ma da ta fi kowa ƙarfin hannu ta haramta gaba ɗaya a 2021, masu haƙar Bitcoin suka kwashe injinansu suka koma Amurka da Kazakistan, wasu suka ci gaba a ɓoye. Abu ne da yake cikin waya, wa zai bi wayoyin mutane ɗaya bayan ɗaya?

Kada ki ɗauka ina kare shi. Yaran nan 'yan baiwa da suka kwana suna dangwalar waya a kan wasan kirifto na Hamster a 2024 suna jiran ta fashe, mun ga abin da aka ba su, wani ko kuɗin datarsa bai mayar ba. Bitcoin kansa ya kai wajen dala 69,000 a Nuwambar 2021, bayan shekara guda ya dawo wajen 16,000. Kamfanin cinikin kirifto na FTX ya rushe a 2022 da dukiyar mutane. Amma ki duba, mai shi yana kurkuku, shekara 25 aka yanke masa a Amurka, saboda akwai kotun da ta saurari waɗanda aka cuta. Abin da nake so ke nan a yi mana: duk mai karɓar kuɗin mutane da sunan kirifto a san sunansa da ofishinsa, a sa shi ya yi rajista, in ya gudu a san ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Dubai ta kafa hukuma ta musamman don wannan a 2022. Najeriya ma a 2025 an sa hannu a dokar da ta sa shi ƙarƙashin hukumar SEC mai kula da hannayen jari. Ko za su yi aikin da gaske, wannan kuma sai mun gani, don mun san halin kayanmu.

Maganar halal da haram ki kai wa malamin da kika yarda da shi. Muftin Masar na lokacin ya ce haramun ne tun wajen farkon 2018, wasu malaman kuma sun halatta da sharuɗɗa. Amma "kawo kuɗinki duk wata in ba ki kaza, babu faɗuwa", wannan ko a kasuwar tumatir aka ce miki haka ki tashi ki bar wurin.

Yanzu ke. Za su fara shigo miki ta akwatin saƙo suna cewa sun iya dawo da kuɗin da aka sace, ki biya kaɗan su fara aiki. Ƙarya suke, ni ma sun zo min tun hawayena bai bushe ba. Kada ki goge komai a wayarki, saƙon murya, hoton lissafi, ranar da kika zuba, duk ki adana ki tura wa wata wayar. Mai igama kuma, wato takardar izinin zama, don Allah ta riƙa turawa ta hanyar banki ko da canjin bai kai na ɗan unguwa ba. Riyal dai a ɗaure yake da dala, riyal 3.75 a dala ɗaya, tun 1986, ajiye shi a hannunki ma ya ishe ki tsere wa faɗuwar naira. Su kuma 'yan gida da ke ganin duk wanda ke Makka a kan kuɗi yake kwana, ki gaya musu gaskiya tun yau cewa kwasar nan babu ita. Auren 'yata da bashi aka yi shi, kuma surutun dangi ya fi bashin ciwo.

Uwar adashin taku tana nan ko ta gudu? In tana nan, to da sauran magana, wataƙila ita ma wani ne ya wanke ta. Kada ku je mata da ihu ta samu dalilin ɓacewa. Ku haɗu duk 'yan zubin, ku ɗauki dattijo ɗaya ko biyu daga cikin manyan unguwa, a zauna a rubuta abin da kowa ke bin ta, ta sa hannu gaban shaidu, a yanka mata abin da za ta riƙa biya duk wata ko riyal hamsin ne. Kuma ku tambaye ta sunan wanda ta miƙa wa kuɗin. In ta faɗa, ki turo min ta gefe, ina so in ji ko mutumina ne.